Lafiyayyar Dinya Mai Ɗauke da Ajalin Kaji

A watan Fabrairu na 2007, hunturu na shirin naɗe tabarmarsa, wasu masu binciken tsuntsaye suka kama wata kirinjijiya a dausayin Haɗeja da Nguru. Kirinjijiya ita ce agwagwar ruwan nan mai farar fuska da kan bi dare tana fito, duk wanda ya taɓa kwana a bakin fadama ya san muryarta. Suka sa ɗan tsinke mai auduga a baki suka lakato abin da za su gwada daga jikinta, suka ɗaura mata wata 'yar na'ura a gadon baya mai aika saƙo ga tauraron ɗan'adam, suka sake ta. Ido garau, gashi sumul, ta tashi abinta.

Audugar kuwa sai da ta kai birnin Padova na ƙasar Italiya, inda ake da ɗaya daga cikin manyan ɗakunan binciken murar tsuntsaye na duniya. Da aka karanta abin da ke jikinta, sai aka ga ƙwayar murar tsuntsaye ce samfurin H5N2, kuma tana ɗauke da tambarin nan da ake gane mai kisa da shi, irin wadda kan share akurki cikin kwana biyu. Aka sami makamanciyarta a jikin dinya a dausayin dai, ita ma lafiyarta lau. Kafin sakamako ya fito kirinjijiyar ta yi nisa. Na'urar da ke bayanta ta ci gaba da magana har makonni, tana nuna tsuntsuwar na raye, tana kiwo, tana tashi, har ta tsallaka iyaka ta shiga ƙasar Chadi. An buga wannan bincike a 2008, kuma har yau ana kafa hujja da shi, domin ba kasafai ake samun damar bin sawun tsuntsun daji da ya ɗauki muguwar ƙwaya ya kuma rayu ba.

Mu da muka tashi da kaji a tsakar gida, da ido muke gane marar lafiya. Ta takure a gindin bango, ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi da rana tsaka, sai a ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Wannan ilimi ne, kuma ya yi mana aiki shekara da shekaru. Amma a kan dinya da agwagwa ido ba ya isa. Tsuntsun ruwa na iya riƙe cutar a hanjinsa, yana zubar da ita cikin kashinsa a ruwa, shi ko a jikinsa. Sai an karanta rubutun da ke cikin ƙwayar kanta ake sanin ko wace ce, 'yar wane gida ce, da kuma ɓarnar da za ta iya yi.

Wanda bai san yankin da dausayin nan yake ba zai ɗauka garuruwan Machina da Nguru da Gashuwa ƙarshen duniya ne. A Nguru layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya tun 1930. Machina na can sama cikin duwatsu da rairayi, tana kallon Nijar. Amma ga tsuntsu nan ne tsakiyar gari. Kogin Haɗeja da na Jama'are kan bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, su cika fadamu da tafkuna, kafin ruwan ya tattaru ya zama Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi. Tsuntsun da ya taso daga Turai ko Siberiya ya ƙetare Sahara, wannan na cikin ruwa na farko da zai tarar. Daga kaka suke fara sauka, ƙananan agwagin ƙasashen sanyi da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, su yi hunturu da mu, su juya kafin zafin bazara ya kankama. Saboda su ne aka keɓe tafkin Dagona kusa da Gashuwa, wanda Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarta a 1989. Saboda su ne kuma tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama dausayi na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000.

Baƙin nan ba su kaɗai suke a ruwan ba. Suna tarar da 'yan gida, su kirinjijiya da dinya. Ina nufin dinya tsuntsuwa, ba ɗinya ta itace da ake maɗi da ita ba. Dinyarmu ta daji ita ce mafi girma a tsuntsayen ruwa na Afirka dangin agwagwa, baƙa mai fari a cikinta, da wani tsini kamar ƙaho a gwiwar fiffike da take faɗa da shi. Ba ta zuwa Turai. Iyakarta ta bi ruwa daga wannan fadama zuwa waccan a cikin nahiyar. A riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Dinya ta shiga tarihin murar tsuntsaye tun daga sunan ƙwayar. Masana na raɗa wa kowace ƙwayar mura suna mai gaɓa biyar: nau'inta, dabbar da aka same ta a jikinta, wurin, lambar samfurin, sai shekara. Kakar duk muggan H5 da suka addabi duniya cikin shekarun nan, sunanta ke nan idan aka juya shi da Hausa: mura nau'in A, dinya, Guangdong, ta ɗaya, 1996. A wata gonar dinyoyin gida a lardin Guangdong na kudancin ƙasar Sin aka fara ware ta. Shekara na zagayowa danginta suka kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu, hukuma ta sa aka yanka kajin birnin kaf, sama da miliyan guda. Aka zaci an gama. A bazarar 2005 sai ga tsuntsayen daji sama da 6,000 sun mutu a tafkin Qinghai da ke yammacin Sin, akasarinsu dinyoyin daji masu ƙaura. Daga nan cutar ta miƙa yamma, ta bi ta Rasha da Turkiyya da gabashin Turai.

Ba mamaki a Sin abin ya faro, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na naman dinyar da duniya ke ci a can ake kiwonsa, garke-garke, sau da yawa a tafkunan da tsuntsayen daji ke sauka. A can ne kuma aka fi nazarin sauran cututtukan dinyar gida. Akwai wadda aka fara bayaninta a Sin a 1956, daga baya aka sa mata sunan wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari mai suna Derzsy. Tana kashe 'yan tsakin dinya, kuma idan ta same su a makon farko da wuya ta bar ko ɗaya. A 2015 manoman Sin suka ga agwagi na tasowa a tsumbure, baki gajere, harshe a waje, da aka karanta ƙwayar sai aka ga ta Derzsy ce ta sauya 'yan haruffa ta koma wa agwagwa. Ba a daɗe ba wata ta ɓulla mai lalata ƙodar 'yan dinya, idan aka feɗe su a ga wani farin abu kamar garin alli ya lulluɓe zuciya da hanta da gaɓoɓi. Mu kiwon dinyar Turawa bai yi yawa a wajenmu ba, sai ɗai-ɗai a gidajen masu hali da gonakin 'yan boko, don ado ko gadi, tunda ba baƙon da zai shigo ba ta yi kururuwa ba. Amma cutar Derzsy na kama 'ya'yan irin agwagwarmu ta gida mai jan fuska, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. Mai sayo 'yan tsaki daga nesa ya san da wannan.

To yaya ake karanta ƙwayar da ko madubin likita na yau da kullum ba ya ganin ta? Ƙwayar murar bairos ce, wato ba ta iya haihuwa da kanta, sai ta shiga cikin ƙwayar jikin tsuntsu ta sa shi ya riƙa kwafo ta. Umarnin kwafin a rubuce yake cikin wani zare da ake kira RNA, da haruffa huɗu kacal, A da C da G da U, jere guda wajen 13,500. Na'ura kan ninka wannan zare, wata na'urar ta karanto haruffan ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta ta jera su kusa da na sauran ƙwayoyin da aka taɓa karantawa.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda malamanmu na da ke kwafar littafi da hannu zai fahimci sauran. Idan mai kwafi ya tsallake kalma, ko alƙalami ya zame masa, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji kuskuren, ya kuma ƙara nasa. Bayan shekara ɗari, masani na iya tara kwafi goma ya ce wannan daga wancan aka ɗauko shi, waɗannan biyun kuma kakansu ɗaya, ba don ya ga marubutan ba, sai don kurakuran da suka yi tarayya a kai. Ƙwayar mura marubuciya ce mai gaggawa wadda ba ta bita. Kuskurenta yawa gare shi, shi ya sa salsalarta ke fitowa sarai, har a iya ƙiyasta shekarar da reshe ya rabu da reshe.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan. Littafin nata ba ɗinkakke ba ne. Warƙa takwas ne a sake, kamar tsofaffin littattafan da ake adanawa a gafaka. Idan ƙwayoyi biyu mabambanta suka haɗu a jikin tsuntsu ɗaya, sai ka ce an zazzage gafaka biyu a ɗaki ɗaya, wajen tattarawa warƙar wannan ta faɗa cikin na wancan. Abin da zai fito sabon littafi ne da ba a taɓa gani ba. Biyu daga cikin warƙoƙin su ke ba da sunan da muke ji a rediyo: H mai iri 16 a tsuntsaye, da N mai iri 9. H shi ne mabuɗin da ƙwayar ke shiga jiki da shi, kuma ba ya aiki sai an datsa shi gida biyu. A yawancin ƙwayoyin, almakashin da ke iya datsa shi a hanji da hanyar numfashi kawai yake, don haka cutar kan tsaya a nan, tsuntsu ya ɗan yi atishawa ya warke. Amma a H5 da H7 wani lokaci 'yan haruffa kan ƙaru daidai wurin datsawar, sai ya zamana almakashin da ke ko'ina a jiki na iya yanka shi, a hanta, a zuciya, a ƙwaƙwalwa. Wannan ne tambarin da aka gani a Padova. Haruffan da ba su cika layi guda ba su ne tsakanin atishawa da akurkin da ya wayi gari shiru.

Najeriya ta san wannan shirun a farkon 2006. A gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, inda ake kiwon kaji da jiminu da dinyoyi, tsuntsaye wajen 40,000 suka mutu. Ranar 8 ga Fabrairu aka sanar da duniya cewa H5N1 ce, karo na farko a nahiyar Afirka. Matar da ke shugabantar ɗakin binciken Padova a lokacin, Ilaria Capua, an nemi ta ajiye haruffan ƙwayar Najeriya a wani rumbun kwamfuta mai kulle da ɗakunan bincike 15 kawai ke da mabuɗinsa. Ta ƙi, ta zuba su a GenBank, rumbun da kowa ke iya shiga. Ƙurar da wannan ya tayar na cikin abin da ya kai ga buɗe rumbun GISAID a 2008, wanda daga baya duniya ta dogara da shi wajen bin sawun korona. Ba kowa ya san cewa matattun kajin Jaji na da hannu a wannan ba.

Nan take aka shiga neman mai laifi. Wasu suka ce tsuntsayen ƙaura ne, ido ya koma kan dausayin Haɗeja da Nguru. Wasu suka ce 'yan kasuwa ne masu shigo da 'yan tsaki da daskararrun kaji ta ɓarauniyar hanya. A tsakiyar shekarar mujallar Nature ta buga aikin wasu masana daga Luksambur da Jami'ar Ibadan. Sun gano cewa ƙwayoyin da ke Najeriya ba 'ya'yan uwa ɗaya ba ne, zuriya uku ne, kowace da shigowarta daban, har gonaki biyu da ke kusa da juna a kudu maso yamma kowace da irin tata. Duka ukun jikokin ta tafkin Qinghai ne. Shigowa uku cikin hunturu ɗaya ta dace da hanyar tsuntsaye, amma masanan ba su wanke fatauci ba. A ɗaya ɓangaren, ayarin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura dausayoyin Afirka a farkon 2006 ya gwada dubban samfura daga tsuntsayen ruwa, ya sami ƙananan murori masu sauƙi, bai sami H5N1 ko ɗaya ba.

A ganina gardamar ta ɓata lokaci, domin ko wa ya kawo baƙon, mu muka zagaya da shi gari. Kafin 2008 cutar ta shiga jihohi 25 da Abuja, har da Yobe, an hallaka tsuntsaye sama da miliyan guda, wata budurwa 'yar shekara 22 ta rasu a Legas a Janairun 2007. Ba kirinjijiya ce ta kai ta daga gona zuwa gona ba. Tayar mota ce, da takalmin ma'aikaci, da kwalin ƙwai da ake mayarwa, da kejin dillali, da buhun kashin kaji da ake kai wa masu lambu. Ƙwayoyin da aka karanta a 2007 sun nuna zuriyoyin sun riga sun yi musayar warƙoƙi a tsakaninsu a nan cikin ƙasa, wanda ba zai yiwu ba sai sun haɗu a jikin tsuntsu ɗaya, kuma ba inda ya fi kasuwa da gona sauƙin wannan haɗuwa.

Mu koma dausayi. Ƙwayar da aka samu a jikin kirinjijiya da dinya a 2007 ba 'yar gidan Guangdong ba ce sam. Danginta na kusa su ne wasu H5 marasa zafi da ke yawo cikin agwagin Turai da Asiya. Kuma ba a ga alamun da ƙwaya kan samu idan ta daɗe cikin kaji ba. Wannan ya girgiza wani abin da aka daɗe ana koyarwa, cewa a cunkoson gidan kaji kaɗai mura mai sauƙi ke rikiɗewa ta zama mai kisa. Shekara guda bayan haka wani ayarin masana ya sake samun H5N2 a jikin dinyoyi uku a dausayin nan, wannan karon marar zafi. Da suka duba warƙoƙinta takwas, bakwai sun fi kusa da na tsuntsayen Turai, ɗaya kuwa 'yar'uwar waɗanda aka gani a Afirka ta Kudu da Zambiya ce, kuma lissafi ya nuna ta yi aƙalla shekara bakwai tana yawo cikin tsuntsayen Afirka. Ta 2008 ba 'yar ta 2007 ba ce, 'yan'uwa ne dai da kowace ta shigo da ƙafarta.

Ka tuna dinya ba ta zuwa Turai, ba ta kuma taɓa ganin Siberiya ba. Ga ta da warƙa bakwai na can da ɗaya ta kudancin Afirka a cikinta. Ma'ana ruwan da ake kamun kifi a cikinsa tsakanin Nguru da Gashuwa, ake shuka shinkafa, ake shayar da shanu, shi ne zauren da baƙi daga nahiyoyi uku ke haɗuwa su yi musaya. Kuma zauren ƙara matsewa yake. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamun ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Inda ruwa ya ragu, tsuntsun daji da agwagwar gida da mutum duk wuri ɗaya suke tsugunawa.

Tun daga nan cutar ba ta daina dawowa ba, kuma kowane zuwa da sabon reshe. A Janairun 2015 H5N1 ta sake ɓulla a Kano da Legas, haruffanta suka nuna ba ragowar ta 2006 ba ce, sabuwar shigowa ce. A ƙarshen 2016 aka ga H5N8 a Kano. A 2019 aka sami H5N6 a jikin agwagwa a kasuwar tsuntsaye a Sakkwato, karo na farko a Afirka. A farkon 2021 wata H5N1 ɗin ta kashe ɗaruruwan kwasakwasa a gandun Djoudj na Senegal, ta kuma shiga gonakin Kano. Wannan reshe na ƙarshe shi ne ya ƙetare teku zuwa Kanada a ƙarshen 2021, ya kai har Antatika, a watan Maris na 2024 kuma aka same shi a shanun madara a jihar Texas ta Amurka. Wani babban nazari da aka buga a 2019 ya nuna cewa galibi shigowa Afirka waɗannan ƙwayoyi ke yi, ba fita ba, kuma Afirka ta Yamma na cikin manyan ƙofofin da suke bi kafin su bazu zuwa sauran sassan nahiyar. Mutum ba ya kamuwa da sauƙi, amma cikin ɗaruruwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun kamu da H5N1 tun 2003, kusan rabi ba su tashi ba.

Yanzu shiga wani gida a bayan gari da hantsi. Ga randa a gindin bishiya, ga tsohon kasko da ake zuba wa kaji ruwa. Agwagi sun dawo daga kududdufi, ƙafa duk laka, suka tsoma baki har wuya cikin kaskon, suka watsa ruwan, suka bar abin da suka bari. Kaza da 'yan tsakinta suka biyo baya suka sha. Zabi suka zo. A kusurwa kuma ga wata 'yar dinyar daji da maigida ya saya hannun mafarauci, an yanke mata gashin fiffike, ana jiran ta yi ƙiba. Da dare duk akurki ɗaya. Idan kaji suka fara faɗuwa bayan kwana uku, agwagin na nan suna tafiyarsu ta ƙasaita, ba wanda zai zarge su. Sai ma a ce ai agwagwa ƙarfin jini gare ta.

Sannan ka leƙa layin 'yan kaji ran kasuwa. Kejin kara a kan kejin kara, na sama na yi wa na ƙasa kashi. Kaza daga wannan ƙauye, zabo daga wancan, agwagwa daga bakin fadama, tattabaru, talotalo. Bayan rumfa masu fige-fige na tsoma tsuntsu bayan tsuntsu cikin garwar ruwan zafi guda, gashi da hanji a ƙasa, yara na wasa a gefe. "Hajiya, a gyara miki ko a haka za ki tafi da ita?" Wadda ba a sayar ba ta koma gida da yamma, ko ta hau mota zuwa kasuwar gobe. Machina ba ta bakin babban dausayi, amma kazar da aka saya a Nguru da rana na iya kwana a Machina, wadda aka saya a Machina kuma ta kwana a tsallaken iyaka.

Abin da za a yi a gida ba ya cin kuɗi sosai. Kaskon agwagi daban, na kaji daban, makwanci ma haka. Sabon tsuntsu daga kasuwa a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da sauran. Tsuntsun daji, mai rai ko matacce, kada ya shigo tsakar gida, musamman daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, lokacin da baƙi ke nan kuma sanyi ke sa ƙwayar ta daɗe a ruwa. Naman da ya dahu sosai ba ya ɗauke da cutar, zafin da ya kai digiri 70 na kashe ta. Haɗarin na wajen yanka da figa da feɗewa ne, aikin da a gidajenmu mata da yara ke gamawa. Kazar da ta mutu kwatsam, ko kanta ya kumbura, zankonta ya yi shuɗi-shuɗi, ƙwaurinta ya yi ja kamar jini ya kwanta, a binne ta da zurfi, ba a jefa wa kare ko a wurga bola ba.

Wahalar na wajen kai rahoto. Kowa ya saba da annobar da kan kwashe kaji duk hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil, har an ɗauke ta kamar wani harajin shekara, alhali tana da allurar rigakafi da ake yi a nan Najeriya. Alamunta da na murar tsuntsaye kusan ɗaya ne, ƙwararren likitan dabbobi ma ba ya rantsewa sai an gwada. Don haka idan mura ta shigo ƙauye, sai a ce abin nan na kowace shekara ne, a yi sauri a yanka masu sauran numfashi, a kai ragowar kasuwa. Ba wauta ba ce. A ƙauye kaza asusun mace ce, da ita ake sayen sabulu da magani da littafin yaro. A 2006 Naira 250 gwamnati ta fara yankewa a matsayin diyyar kowace kaza, ƙasa da abin da kasuwa za ta ba da, sai daga baya aka ƙara. Wadda ta san in ta yi magana za a zo a kashe mata duka, kuɗin kuma sai yadda hali ya yi, shiru za ta yi, kuma ni ban ga laifinta ba. Duk na'urorin karanta haruffa na duniya ba su da abin karantawa idan ba ta buɗe baki ba.

Ko ta buɗe, akwai sauran tafiya. Samfurin na bukatar ƙanƙara tun daga minti na farko, domin zafi na lalata zaren RNA, ga shi a garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo. Daga ofishin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma sai ya kai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tafiyar yini guda cur daga Machina. Tun 2013 akwai jami'ar tarayya a Gashuwa, kusa da Dagona. Ban ga abin da zai hana a sa mata na'urar gwajin farko da firji mai aiki da hasken rana ba, a koya wa ɗalibanta lakato samfuri daga kasuwa da bakin tafki kowane hunturu, maimakon a jira ayari daga Turai ya zo sau ɗaya a shekaru ya tafi da audugar.

Jinkiri shi ne abin da cutar ta fi so. A Jaji tun 10 ga Janairun 2006 tsuntsaye suka fara mutuwa, sanarwa ba ta fito ba sai bayan kwana 29. Kafin watan Fabrairu ya ƙare an tabbatar da ita a Magarya, cikin jihar Damagaram ta Nijar, jihar da Machina ke maƙwabtaka da ita. A jikin agwagin gida aka same ta.